Yadda ƙaramar hukuma za ta rage haɗarin bindigar da ke ajiye a gida

Ƙaramar hukumar Zariya, kamar kowace ƙaramar hukuma a Najeriya, ba ta da hurumin ba da lasisin bindiga. Dokar makamai ta 1959 ta bar wannan a hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda, kuma lasisin bindigar toka a wurin kwamishinan 'yan sandan jiha yake. Amma ƙaramar hukuma ce ke kusa da mafarauta, da 'yan sintiri, da 'yan bindigar Hawan Sallah.

A fara ta hannun Masarautar Zazzau. Shugaban ƙaramar hukuma ya zauna da hakimai da DPO, wato shugaban 'yan sandan yanki, sannan dagatai da masu unguwanni su kira mutanensu gunduma-gunduma, daga Kwarbai har Dutsen Abba. A bayyana tun farko cewa taron koyarwa ne, domin wanda ya ji ƙanshin kame ba zai zo ba.

Wani babban haɗari shi ne bindigar toka da aka jingine a bayan ƙofa da ɗurinta. Ido ba ya gane tana da ɗuri. Sai a koya wa kowa ya zura sandar ɗuri lokacin da bindigar take wayam, ya yi wa sandar alama daidai bakin bindigar. Duk ranar da alamar ta tsaya a sama, akwai albarushi a ciki. Wanda bai duba ba ya ƙara ɗuri a kan ɗuri, ƙarfen ya tsage a hannunsa. In an ja kunama ba ta tashi ba, kada a leƙa. A riƙe bakinta inda babu kowa, a jira aƙalla minti 1, don wani lokaci wutar kan yi jinkiri. Kuma ba a zuba albarushi kai tsaye daga gorarsa, saboda garwashin harbin farko kan saura a ciki.

Sai ajiya. Hukuma ta ba masu walda kwangilar akwatunan ƙarfe masu kwaɗo, ta sayar da rangwame. Bindiga a akwati ba ɗuri, albarushi da harsashi a wani wurin daban, nesa da murhu, risho da maganin sauro na kunnawa. Makulli a jikin maigida, ba a ƙarƙashin matashi inda yara suka sani ba.

A riƙa maimaita taron kafin kowace Sallah da farkon rani, lokacin da farauta ke kankama, a kuma roƙi limamai su taɓo batun a huɗubar Juma'a.