Darasi na Tara: Idan Ruwa ya Kwanta a Rumfar Leda

Rumfar leda tana kare tumatir da kokwamba da tattasai daga iska da ƙwari da dukan ruwan sama. Amma ruwan da ledar ta tare bai ɓace ba. Gangarowa yake yi ta gefe biyu, ya zube a gindin rumfa, daga nan ya sulale ciki ta ƙarƙashi. Masu lambu a Maiwurno da Sinnar da ƙauyukan Jazira, a ƙasar Sudan, sun san wannan a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama: sama a rufe, ƙasa kuwa ta zama taɓo.

Ɗauki fensir mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rumfa mai faɗin mita 9 da tsawon mita 30 ta rufe fili murabba'in mita 270. Idan aka yi ruwa milimita 40 a dare ɗaya, 270 sau 40 ya ba mu lita 10,800. Ganga tana cin lita 200. Ganga 54 ke nan aka juye maka a gindin rumfa kana barci.

Halin ƙasarmu

Ƙasar da ke tsakanin kogunan Nil Azrak da Nil Abyad (Shuɗin Nilu da Farin Nilu) baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage har ka zura hannu a tsagar. Ruwan farko yana bin tsagar nan ya shige, sai lakar ta kumbura ta rufe bakinta. Daga nan ba ta ƙara shan ruwa sai kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, gangararsa ba ta taka kara ta karya ba. Wannan laka ce take riƙe ruwa a hanyoyin ban ruwa na Jazira ba tare da siminti ba, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Yadda take riƙe shi a Abu Ishirin, wato ƙaramar hanyar da ke kai ruwa gonaki, haka za ta riƙe shi a lambunka.

Saiwar shuka tana numfashi. Idan ruwa ya cika ƙasa, iska ta fita, tumatir ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu sai ya fara langaɓewa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya. Da rana tsaka ka ga shuka ta yi yaushi, alhali ƙasa sharkaf take. A nan wasu ke kuskure, su ce ƙishi take ji, su ƙara mata ruwa. Tuge guda ɗaya ka duba. Saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙwari. Wadda ruwa ya ci ta yi duhu, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa a yatsa, ƙasar kuma tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Daga ina ruwan yake?

Kada ka ɗauki shebur tukuna. Da an ɗauke ruwa, fita ka zaga rumfar. Duba inda ruwa ya shigo da inda ya tsaya, ka kafa turke a wurin. Wani daga rufi yake. Wani daga hanya ko gonar da ta fi taka tudu. Wani kuwa bakin hanyar ruwa ne ya ɓalle, ko tiyo ke yoyo. Idan lambunka yana gaɓar kogi, haƙa rami mai zurfin santimita 50 a ranar da ba a yi ruwa ba, ka dawo washegari. In ka tarar ruwa ya tsattsafo, na ƙasa ne ya taso saboda cikar kogi. Irin wannan ruwan, lambatu ba ya maganinsa. Sai dai ka ɗaga kunya sosai, ko ka yi shuka a buhu har kogi ya ja.

Haƙa lambatu

Ido yana yaudara a fili irin namu. Nemi farin tiyo siriri wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska. Kai ka riƙe baki ɗaya a jikin turke, ɗanka ya riƙe ɗayan a wani turken. Ruwan baki biyun kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Ku yi alama a turakun, ku auna daga alamar zuwa ƙasa. Inda awon ya fi tsawo, nan ne kwari, can ruwa zai nufa.

Sai ka ja igiya, ka haƙa lambatu a gefe biyu na rumfar, nesa da ƙafafunta da kamar rabin mita don kada ƙarfe ya kwance. Fara haƙa daga kwari ka hauro. Kowace mita 1, gindin lambatu ya sauka santimita 1. A tsawon mita 30, ɓangaren kwari ya fi na tudu zurfi da santimita 30. Idan filin bai ba ka haka ba, rabin wannan ma yana tafiyar da ruwa muddin lambatun a share yake. Baki ya fi gindi faɗi, domin laka mai miƙaƙƙen bango rufzawa take yi. Ƙasar da ka fitar kada ka watsar. Tara ta a gindin leda ka daddaɓe, ta zama ɗan tudu mai gangarowa waje. In akwai tsakuwa ko fasasshen bulo, zuba a inda ruwan rufi yake dukan ƙasa.

A aji wani dattijo yakan tambaya: "Malam, in na haƙa babban rami a bayan rumfa na cika shi da duwatsu, ba zai shanye ruwan ba?"

Amsa ita ce: "Baba, a jigawa zai shanye. A baƙar laka kuwa tafki ka gina wa sauro." Tsutsar sauro tana zama sauro cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma, zazzaɓin cizon sauro kuma ba baƙo ba ne a nan. Ruwan sai an kai shi wani wuri: babban magudani, ko kwarin da ruwa ya saba bi. Kada dai ka sake shi a gonar maƙwabci. Ku zauna ku haɗa lambatu ɗaya, ku raba aikin.

Cikin rumfa

Ɗaga kunya santimita 20 zuwa 30. Cuɗa ta da takin dabbobi da ya ruɓe sosai da ɓawon gyaɗa. Ɗan yashin da wasu ke zubawa a laka, a ganina asarar kuɗin mota ne, ba ya buɗe ta. Kada ka yi huɗa ko ka tattaka ƙasa tana jiƙe, dunƙulewa take yi. Kafin ban ruwa, tona da yatsa ka damƙi ƙasar. In ta manne a tafin hannu, bar ta sai gobe. Farin gishiri a saman kunya alama ce ruwa yana ƙafewa a wurin, ba ya wucewa ƙasa. Nuna wa malamin gona kafin ka sake shuka.

Duk aikin haƙa a gama shi a watan Mayu ko farkon Yuni. Bayan kowane babban ruwa, bi lambatu ka kwashe ciyawa da leda da lakar da ta taru.

Aikin gida

Auna faɗi da tsawon rumfarka ko ta maƙwabcinka, ka rubuta a littafi. Idan aka yi ruwa milimita 25, lita nawa zai zubo? Ganga nawa ke nan? Zana rumfar, ka sa kibiya a inda ruwa yake shiga da inda kake so ya fita. A zo da zanen darasi mai zuwa.