Yadda Ake Zaɓen Ƙarfen Dashen Haƙori da na Hularsa

Da farko, a bambanta ƙarfen da za a dasa cikin ƙashin muƙamuƙi da wanda za a yi hular haƙori da shi, wato ɓangaren da ake gani a baki wanda ake ɗorawa a kan dashen, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Na cikin ƙashi ba ya buƙatar dogon nazari: taitaniyam ake nema, saboda ƙashi yana manne masa har su zama kamar abu guda. Likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya fara dasa wa mutum irinsa a 1965. Akwai zallan taitaniyam, akwai kuma wanda aka gama da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari don ƙarin ƙarfi.

Wurin hula ne zaɓi yake da faɗi. Kafin a yi maganar kuɗi, mai haƙori ya gaya wa likita ko 'yan kunne ko agogon ƙarfe sun taɓa sa masa ƙaiƙayi da ƙuraje, domin galibi nikel ne ke jawo haka, kuma an fi ganinsa ga mata. Mai wannan matsala ya guji gamin nikel da kuromiyam komai arharsa, ya nemi na kobal da kuromiyam ko na zinariya.

Daga nan sai a duba inda haƙorin yake. Turmin da ke tauna goro da rake ya fi dacewa da gamin zinariya, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya cinye haƙorin da ke gugarsa. Mai daraja ta ɗaya shi ne wanda aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ƙarafa masu daraja ne irin su zinariya da falatinam, aƙalla 40 daga cikin 60 ɗin zinariya. Haƙorin gaba kuwa akan lulluɓe ƙarfensa da tangaran, ko da yake wani lokaci baƙin layi kan bayyana a bakin dasashi.

Alhazanmu na Sakkwato masu haƙorin Makka su nuna wa likita shi, haka ma tsohon cikon azurfa, domin ƙarafa mabambanta idan suka haɗu cikin yawu sukan haifar da ɗan lantarki mai sa tsuki da ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka yi aikin ko a asibitin kuɗi, a roƙi likita ya rubuta sunan ƙarfen da kamfanin da ya ƙera dashen, a adana takardar, domin ranar gyara da ita za a nemo sukurun da ya dace, wanda ke ɗaure hular a kan dashen.