Yadda zaka bi diddigin tarihin jirgin ruwan yaki ba tare da ka rude ba

Masu son tarihin yakin duniya na biyu, in kana so ka binciko rayuwar wani jirgin ruwan soja tun daga ranar da aka kera shi har karshensa to kar ka yarda ka rike suna kawai, gangar jikin jirgin zaka bi, don suna yana canzawa kuma anan ne mutane da yawa suke batan kai. Bari mu dauki jirgin dasa nakiyoyi na kasar Norway mai suna Olav Tryggvason mu yi aikin da shi.

Fara da inda aka kera shi da shekara. Shi wannan a ma'aikatar sojan ruwa ta garin Horten aka kera shi, aka jefa shi ruwa a Disamban 1932, amma bai fara aiki ba sai 1934. Ka rubuta su daban daban don Allah, ranar shiga ruwa daban ranar fara aiki daban, in ka hada su lissafinka gaba daya zai karkace. Sannan ka duba me aka yi shi domin yayi: yana daukar nakiya har 280, ga manyan bindigogi hudu masu bakin milimita 120, wato ba dasa nakiya kadai ba har fada yana iyawa, kuma wannan zai maka amfani a gaba.

Wajen nema a intanet kar ka tsaya a turanci. Ka hada sunan da kalmar minelegger, haka 'yan Norway ke kiran irin wannan jirgi, sai ka sa manhajar fassara ta taimaka maka. Akwai ma gidan tarihin sojan ruwa a Horten din.

Shekarun da babu yaki ka wuce su da sauri amma kar ka tsallake 1939. A Nuwamban shekarar ne sojojin jirgin suka hau wani jirgin kaya na Amurka mai suna City of Flint a tashar Haugesund ta Norway, jirgin da Jamusawa suka kama suna tafiya da shi, suka tsare Jamusawan suka mayar wa Amurkawa jirginsu. Irin wannan labarin sau da yawa a tarihin daya jirgin zaka fi samunsa dalla dalla, saboda haka duk jirgin da aka ambata a gefe ka bi shi shima.

Yanzu ranar 9 ga Afrilu 1940, nan ne zaka zauna ka natsu. Jamus ta afka wa Norway, Olav Tryggvason yana Horten ana masa gyara, da asuba kananan jiragen ruwan Jamus suka shigo da sojoji, ya bude wuta ya nutsar da daya mai lamba R17 ya kuma yi musayar wuta da wani mai suna Albatros. Duk da haka sansanin sojan ruwa na Horten ya mika wuya a ranar bayan Jamusawa sun yi barazanar yi wa garin ruwan bamabamai. Ni dai a ganina mutanen jirgin nan sun yi abin a yaba, ba a fada aka ci su ba. Anan ka karanta bangaren Norway ka karanta bangaren Jamus ka jera lokutan kusa da juna, inda suka yi sabani ka rubuta cewa akwai sabani, kar ka zabi wanda ya maka dadi.

To daga nan in ka ci gaba da neman Olav Tryggvason shiru zaka ji, sai ka dauka ya nutse, alhali yana nan. Jamusawa sun karbe shi sun sa masa Albatros II, bayan 'yan kwanaki suka mayar da shi Brummer, sunan wani jirginsu da jirgin karkashin ruwa na Birtaniya ya harbe a watan. Kuma ka kula sosai, akwai wani Brummer din na yakin duniya na daya shima mai dasa nakiya ne, wanda Jamusawa suka nutsar da kansu a Scapa Flow da ke arewacin Scotland a 1919. Brummer uku kenan. Abin da zai raba maka su shine shekara da wurin da aka kera jirgin, in ka ga Horten 1932 to naka ne.

Da sunan Brummer yayi ta dasa wa Jamus nakiyoyi har da tekun Baltik, sai ranar 3 ga Afrilu 1945 jiragen saman kasashen kawance masu yaki da Jamus suka ragargaza shi a tashar Kiel ta Jamus.

In kana so ka gwada hannunka da kanka dauki Vale da Vidar, jiragen dasa nakiya na Norway na shekarun 1970. Vale ya koma kasar Latbiya ya zama Virsaitis, Vidar kuma ya koma Lituweniya ya zama Jotvingis, sai ka fara daga wurin da aka kera su da shekara ka biyo su.