Yadda za ka kwatanta bashin da ke cikin jarin waje na Nijar da na Cadi

Duk shekara ɗaliban tattalin arziki suna samuna a gida, nan Birni, da wannan aiki, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe: sai su kwaso duk bashin da ake bin ƙasa su zuba a lissafi ɗaya. Abin yana damuna ƙwarai, don wahalar wata shida ce ke tashi a banza.

Ƙanena, fara da sanin wane bashi kake nema: wanda ke cikin jarin waje na kai-tsaye. Jari ba ya zama na kai-tsaye sai mai shi na waje ya riƙe aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un kamfani. Bashin da ke tsakanin wannan mai jari da kamfanin nasa, ko tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya, shi kaɗai ne namu. Dubi Kasuwar Dole: Alhaji ya buɗe wa ɗansa shago, ya kuma ba shi buhunan shinkafa sai an sayar a biya. Wannan bashin gida ne. Wanda yaron ya ci a banki daban yake.

Ɗauki matatar mai ta SORAZ a Damagaram, da aka buɗe a 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kamfanin man Sin, CNPC, da kashi 60, gwamnatinmu ta Nijar da 40. Idan CNPC ya ranta wa matatar kuɗi, ko ya ba ta kayan gyara bashi, ya shiga lissafinka. Idan wani bankin waje ya ranta wa gwamnati, bai shiga ba. Shi ya sa nake son a kwatanta mu da Cadi: matatarsu ta Jarmaya ita ma 2011 ta fara aiki, da CNPC ɗin dai.

Alƙaluman suna cikin CDIS, binciken jarin waje na kai-tsaye na asusun ba da lamuni na duniya, wanda muke kira FMI; ya fara da na ƙarshen 2009. Nemi layin bashi, ka bar na hannun jari. Ka lura, abin da ke wurin shi ne jimillar da ake bi ranar 31 ga Disamba, ba abin da ya shigo cikin shekarar ba. Shekara ɗaya za ka ɗauka ga ƙasashen biyu, kuma ga kowacce jarin da 'yan waje suka zuba a cikinta, kada ka haɗa da mai fita.

In ka ga lamba da alamar ragi, kada ka goge ta. Ana cire abin da 'yar kamfani ta ranta wa uwarta, wani lokaci har ya zarce abin da ta karɓa.

In wata ƙasa ba ta ba da nata ba, duba abin da ƙasashen masu jarin suka rubuta suna bin ta, amma ka faɗa a fili cewa daga nan ka samo. Kuma sunan ƙasar da kuɗin ya fito kai-tsaye ake rubutawa, don haka kuɗin Sin da ya biyo ta Hong Kong, a ƙarƙashin Hong Kong za ka same shi.

Da dalar Amurka aka rubuta komai, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Sefarmu ta bankin BCEAO da ta Cadi ta bankin BEAC duk 655.957 ne a yuro ɗaya, saboda haka canjin kuɗi ba zai karkata maka ma'auni ba. Sai ka raba bashin kowace ƙasa da jimillar abin da ta samar a shekarar, sannan ka jera su gefe da gefe.