Yadda za ka fara jin kiɗan Pancho Vladigerov ba tare da barci ya kwashe ka ba

Duk wanda ka kunna ma kiɗan orkestira, wato na taron makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, a fada, kafin shayi ya tafasa zai tambaye ka wai yaushe za a fara waƙar. To ba za a fara ba, kayan kiɗa ne kawai ke magana, kuma mu ƴan Damagaram bai kamata abin ya zame mana baƙo ba tunda algaita da kakaki a ƙofar Sarki ranar sallah ba waƙa suke rerawa ba amma kowa ya san abin da suke faɗi. Idan kana so ka gwada, ni dai Vladigerov nake ba da shawara, mutumin Bulgariya, don shi kiɗan ƙauyukan ƙasarsu ya ɗauka ya shigar cikin orkestira, akwai wurin da ƙafa za ta kama.

Ka san mutumin tukuna, ko a gurguje. An haife shi 1899 a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya tashi a garin Shumen na Bulgariya, uwarsa likita ce, shi da ɗan uwansa Lyuben tagwaye ne, shi piyano Lyuben biyolan, wato gogen Turawa. Uban ya rasu suna ƙanana, a 1912 uwar ta kwashe su sai Berlin don karatun kiɗa. Can ya ci kyautar Mendelssohn har sau biyu, ya yi shekaru yana tsara kiɗan wasan kwaikwayo a gidan wasan shahararren darakta Max Reinhardt, sai 1932 ya koma Sofiya, babban birnin Bulgariya, ya zauna koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta ƙasar, wadda yau sunansa take ɗauke da shi. Ya rasu 1978.

Wajen nema a YouTube ka rubuta Pancho Vladigerov, in bai fito da yawa ba gwada Wladigeroff yadda Jamusawa ke rubutawa. Ka sauke shi da dare lokacin da rezo ke da dama-dama, sauti kawai ya isa, ba sai ka ƙone forfe a bidiyo ba. Kuma don Allah kar ka ji shi da lasifikar waya, wannan cin amanar kiɗan ne, ƙasan sautin duk ɓacewa yake sai ƙara ta rage. Sa abin kunne, ko na jaka guda ne.

Fara da Vardar. Sunan wani kogi ne a Masedoniya, ya rubuta shi 1922 don biyolan da piyano, daga baya a 1928 ya mayar da shi na orkestira, kuma shi ne aikinsa da aka fi sani, bai kai minti 10 ba. Yana buɗewa da wata karin murya mai faɗi mai nauyi, ka riƙe ta a kanka sosai don za ta tafi, rawa ta ɓarke a tsakiya da gudu, sannan ta dawo da ƙarfinta a ƙarshe. Jin farko kar ka yi komai sai jiran dawowarta. Jin na biyu ka nemo na biyolan da piyano, za ka ji abu ɗaya ne amma tsirara.

Yanzu ga inda daɗin yake, nan kuma mutane ke ruɗewa. Ƴan Bulgariya suna da rawa da ake kira rachenitsa, bugunta bakwai ne amma ba a raba su daidai ba, biyu, biyu, uku. Ajiye wayar ka tafa a cinya: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kana danna kowane "ɗaya" da ƙarfi, a hankali tukuna sannan ka ƙara sauri har bakinka ya daina ƙirga hannu ya ci gaba shi kaɗai. Da fari za ka ji kamar kiɗan na ɗingishi, ka so ka gyara shi ya zama takwas, kar ka gyara, wannan ɗan jan na ƙarshen shi ne rawar. In hannu ya saba sai ka kunna Bulgarian Suite ɗinsa, sashen ƙarshe rachenitsa ce, ka tafa tare. Sashe na biyu kuma mai sanyi ne, Pesen, shi ake yawan bugawa shi kaɗai da biyolan, ya dace da bayan isha'i in kuran ya ɗauke gari ya yi tsit.

Konsato na piyano, wato kiɗan da piyano ke jan gaba orkestira na mara masa baya, guda 5 ya rubuta, je ka kai tsaye ga na 3 na 1937, sauran su jira. Gaskiya wani lokaci yana cika kaya, komai ya taru ya yi kauri har kunne ya gaji, in ka ji haka tsaya, sashe ɗaya a rana ya isa. Opera ɗinsa Tsar Kaloyan ta 1936 kuwa, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, ka bar ta sai ka yi nisa, doguwa ce kuma da Bulgariyanci ake rera ta.