Yadda ɗalibin likitanci zai bibiyi gajiyarsa da agogon hannu

In kana karatun likitanci kuma kana ɗaure da Mi Band ko Fitbit ko Garmin a hannu, to ka san agogon nan ba ƙirga taku kaɗai yake ba, yana tara bayanan da za su nuna maka jikinka ya fara sarewa tun kafin kai ka yarda. Amma fa sai ka san me za ka duba, in ba haka ba lambobi ne kawai za su yi ta ƙara maka ciwon kai.

Fara da sati biyu da ba komai a gabanka, ba jarabawa ba kwanan kol, wato kwanan aiki a asibiti. Ka riƙa kwana da agogon kullum, ka ɗaure shi ya kama hannu daidai sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, don koren hasken nan na bayansa da shi yake karanta gudun jini, in yana lilo ƙarya zai yi ta baka. Caji kuma ka yi lokacin wanka ko da rana in an kawo wuta, kar ka bari sai dare. Abin da ka samu a sati biyun nan shi ne ma'auninka. Naka, ba na abokin ɗakinka ba.

Abu uku ne za ka duba. Bugun zuciya lokacin hutu, wanda ku da kanku kun karanta a fiziyoloji 60 zuwa 100 ne a minti ga baligi, sai awannin barci, ana so 7 zuwa 9 (na san dariya kake), sai na ukun wanda ya fi muhimmanci kuma aka fi yi ma gurguwar fahimta, wato HRV, bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Zuciya ba ta bugawa daidai wa daida kamar agogon bango, in jiki ya huta tazarar na ta canzawa, in kuma jiki na cikin halin ko-ta-kwana sai bambancin ya ragu. Shi ya sa HRV ɗin da ya faɗi ƙasa da ma'auninka, bugun hutu ya hau, barci ya gutsuttsure, kuma abin ya jera kwana biyar ko sati, wannan alama ce. Dare ɗaya ba komai ba ne, kar ka tada hankalinka.

Makin sitires (matsin da jiki ke ciki) da Garmin ke baka daga 0 zuwa 100 ma daga HRV ɗin ake lissafo shi, ni dai na fi yarda da ainihin lambar HRV ɗin, don kowane kamfani da nasa lissafin da bai bayyana ba.

To ga inda mutane ke faɗawa rami, agogo bai san dalili ba. Zazzaɓin maleriya na ɗaga bugun zuciya, haka kofi da goro da lemon ƙara kuzarin da ake ɗirka lokacin jarabawar MB ta biyu (babbar jarabawar ɗaliban likitanci), haka ƙishirwar azumi a watan zafi, mata kuma lambobinsu na motsawa da zagayowar al'ada. Don haka kullum da dare rubuta layi ɗaya a waya, yau na yi kol, yau kofi uku, yau konsaltan (babban likita) ya wanke ni tas a zagayen duba marasa lafiya, ka ba ranar maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon yanayin ranka. Ran Juma'a ka ɗora rubutun kan jadawalin agogon, nan za ka gane ashe fostin ɗin tiyata, wato koyon aiki a sashen tiyata, ne ke cinye ka ba karatun ba. Irin haɗin da masu bincike ke yi kenan, a Jami'ar Michigan ta Amurka Srijan Sen da tawagarsa sun raba ma sabbin likitoci Fitbit suna kuma tambayarsu yanayin ransu kullum, suka ga wanda lokacin barcinsa ke yawan canzawa ya fi shiga ƙunci. Kenan ba yawan awannin kaɗai ba, ka yi ƙoƙarin tsayar da lokacin kwanciya duk ranar da ba ka kol.

Akwai kuma abin da agogo ba zai taɓa gani ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki mai cin rai da alamomi uku, ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, ka ji ba ka tsinana komai. Na farkon kaɗai agogo ke iya leƙowa. In ka fara jin haushin mara lafiyar da bai maka komai ba, ko kana jan ƙafa zuwa asibitin da a da kake ɗokin zuwa, to ko agogon ya ce lafiyarka ƙalau kar ka yarda da shi, je ka samu malamin da ka amince da shi ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, bene ɗaya ne ma wataƙila tsakaninku. In kuma duba makin barci da asuba ya koma wani sabon abin damuwa, cire agogon ka jefa a durowa na sati ɗaya.