Kai iyali hutu Zanzibar: inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe

Idan ɗan kasuwa ko ma'aikaci a Birnin Kebbi ya samu sarari ya ce zai fitar da iyali su ga teku, Zanzibar na cikin wuraren da suka fi kwanta masa a rai. Tsibirin Musulmi ne a ƙasar Tanzaniya, ana jin kiran salla, abincin gari halal ne, matan wurin da lulluɓinsu. Sai dai akasarin abin da ke ɓata wannan tafiya tun a gida ake ƙulla shi, lokacin da maigida ya ga hotuna a waya ya tsayar da rana shi kaɗai.

Kuskure mafi tsada shi ne sayen tikiti kafin biza. Mutum ya ji wani ya ce a filin jirgi ake buga biza, sai ya ɗauka har da shi. Masu fasfon Najeriya ba sa cikin waɗannan. Tanzaniya ta sa mu a jerin ƙasashen da sai an tura takardunsu hedikwatar shige da fice an amince tukuna, kuma ita kanta hukumar tana ba da shawarar a nema kamar wata 2 kafin tafiya, kada a biya kuɗin jirgi ko otal sai amsa ta fito. A shafinsu na intanet ake cikawa, kowane mutum da tasa, har jaririn da ke goye. Kafin nan a zube fasfo ɗin gida duka a tabarma a duba: wanda saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, a kai shi ofis a sabunta. Na yara ya fi shammatar mutane, domin tun wata Umra da aka yi ba a sake buɗe shi ba. Idan Hajiya ce za ta yi gaba da yara, ta riƙe takardar amincewar uba da takardun haihuwa.

Katin rigakafin cutar shawara ma dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata. A saya tun a gida, a ajiye shaidar a waya da kuma a takarda.

Sai zancen wata. Mu nan Afrilu zafi ne tsagwaronsa, shi ya sa wasu ke cewa bari a gudu bakin teku a hutun zango na biyu. Can kuwa daga Maris zuwa Mayu ne babbar damina, ruwa kan wuni yana zuba, teku ya yi duhu, masu kwale-kwale su ƙi fita. Arahar otal da ake gani a lokacin ke nan dalilinta. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa Disamba, ita da sauƙi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, ga rani ga iska mai sanyi, kuma Allah Ya sa dogon hutun makarantunmu na Agusta ya faɗo ciki. Turawa ma a lokacin suke cika wurin, don haka da biza ta fito a kama ɗaki.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai zaɓen otal da hoto. An sauka da dare, an kwana ana jin ƙugin ruwa, gari ya waye yara sun sa kaya sun ruga waje, sai su tarar babu teku. Fili ne fetal na farin yashi da duwatsu, mata sun duƙa can nesa suna gyaran igiyoyin ciyawar teku da suke nomawa, kwale-kwale a kwance a ƙasa. Ƙaramar ta juyo ta ce, "Baba, wa ya kwashe ruwan?" Babu wanda ya kwashe. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, teku kan janye ɗaruruwan mitoci sau biyu a kwana, ya sake dawowa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Ya fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15, lissafin da kowace tsohuwa a gida ta iya. Mai son yara su yi wanka duk sa'ar da suka ga dama ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwa ba ya yin nisa. Amma can ne hayaniya, da kiɗa, da baƙi masu yawo kusan tsirara, abin da zai sa Hajiya ta wuni a ɗaki tana jan yara. Ni a ganina iyalinmu sun fi sakewa a gabas, a kama gida sukutum mai katanga da kicin, a karɓi jadawalin ruwa a hannun masu gidan, a tsara wuni da shi. Idan ruwa ya janye a taka a ga ƙananan kifaye da ƙaguwa a ramuka, da takalmin roba a ƙafa, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa. Kuma a juyo da wuri. Ruwan da ya tafi a hankali yakan dawo ta gefe ya kewaye mutum.

Nan ne 'yan Argungu da Yawuri ke buƙatar a ja musu kunne. Wanda ya tashi yana faɗawa kogin Matan Fada ko yana tuƙa jirgi a kogin Kwara ya iya ruwa, babu musu. Teku kuwa yana da jan da ke fizgar mutum zuwa ciki, ga igiya da ke buga fuska, ga gishiri a ido. Idan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi ka nufi gaɓa kai tsaye. Ka yi iyo ta gefe har ka fita daga hanyarsa. Kafin a shiga kwale-kwale a ƙirga rigunan hana nutsewa, a tabbatar akwai daidai jikin yara, in babu a fasa ko an biya. Mata kada su shiga ruwa da dogon hijabi ko zani, yadi in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa. A ɗinka ko a sayi kayan wanka masu rufe jiki tun daga gida. Maganar cewa rana ba ta ƙona baƙar fata kuma, kafaɗun yara ne ke ƙaryata ta a kwana na biyu, don haka a shafa musu man kariya, a sa musu hula.

Akwai kuskuren da masu kula da addini ne suka fi yin sa. An saba a gida, inda rana ke fitowa nan ne alƙibla. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, alƙiblarta arewa ce. Alhaji ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas kwana uku, sai ranar Juma'a a masallaci ya ga sahu ya kalli wani wajen. A duba waya ko a tambayi ma'aikacin otal tun daren farko. Yawancin mutanen wurin Shafi'awa ne, za a ji liman yana bayyana Bisimilla, ba abin tayar da hankali ba ne. A manyan otal na baƙi kuwa ana sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin abinci, sai a tambaya kafin a ɗiba. Kuma kada a biya tsarin da ya haɗa ci da sha duka, domin kuɗin abin da ba za ka sha ba yana ciki.

Guzuri ba laifi ba ne. Yaro ya ƙi jatan lande, ya ga wani abu mai hannaye takwas a kan gawayi a kasuwar dare ta Forodhani ya ce shi sam, to yaji da garin kunu da ɗan man shanu su ne za su raba gardama. Matsalar leda ce. Tanzaniya ta haramta ta tun Yunin 2019, Zanzibar ma ta riga ta, mu kuwa komai a baƙar leda muke ƙullewa. A zuba a robobi masu murfi. A Forodhani a sayi abin da aka gasa a gabanka, a tambayi kuɗi kafin a ci. Shinkafarsu mai kayan ƙamshi da ruwan rake da citta ba su taɓa ba ɗan Arewa kunya ba.

Naira ba ta canzuwa a can, katin banki kuma yakan ƙi aiki a ranar da aka fi buƙatarsa. A riƙe dala sababbin bugu marasa yagewa, a canza wasu zuwa shilin don tasi da kasuwa. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, kuma a harshensu daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne ɗaya a wurinsu. Duk alƙawarin da aka yi da direba a sa ya nuna shi a fuskar waya.

Mutane kan so su cinye tsibirin a kwana 4: tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, da safe, gonar kanumfari da rana, birai a dajin Jozani da yamma, gobe tsibirin Changuu wajen manyan kunkuru. Kafin kwana na uku Inna ta kama gwiwa, yara na kuka. Fita ɗaya a wuni ta isa. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, lunguna ne da mota ba ta shiga, a je da sanyin safiya. Wanda ke son tarihi ya ware wuni ya gangara Kizimkazi a kudu, ya ga masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekarar Hijira 500, wato 1107 Miladiyya. A titi kuma a riƙe hannun yara, motocinsu ta hagu suke bi, yaro zai duba ɓangaren da ya saba ya taka.

Hanya ita ma ana rainata. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Birnin Kebbi ko Gusau ya sauke ka can. Sai ka isa Abuja ko Kano ko Legas, ka canza a Adis Ababa ko Nairobi. Kada a haɗa jirgin cikin gida da na waje a rana ɗaya, a kwana a garin da za a tashi, mai zuwa ta mota kuma ya yi tafiyarsa da rana. Adis Ababa kan tudu take, da dare sanyi ake yi, a sa rigunan sanyin yara da magungunan Inna a jakar hannu. A dawowa ma a bar kwana 2 ko 3 kafin ranar komawa makaranta.